Prius ta 2010 zuwa 2015: tana tattalin fetur, amma a sa ido kan man juye

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da na lantarki, suka samu kasuwar da ba su taɓa samu ba. Cikin waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Amurka, akwai Toyota Prius zubi na uku, ta shekarun 2010 zuwa 2015. Ta fuskar fetur babu abin kushewa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna mata mil 50 a galan ɗaya, wato kusan kilomita 21 a lita, kuma ko da ta tsufa ba ta yin nisa sosai da wannan matuƙar batirinta na da lafiya. Inda gizo ke saƙar shi ne man juye. Injinta, mai lamba 2ZR-FXE mai girman lita 1.8, idan ya sha tafiya yakan fara ƙona mai a ɓoye, babu ɗiga a ƙasa, babu hayaƙi a salansa, har ranar da zai buga.

Hukuncinmu a kanta tun daga farko: mota ce da ta cancanci saye, amma ba ga mutumin da ba ya buɗe bonet sai ranar juye ba. Wannan bita ta shafi injin ne kawai, da magungunan da ake tallata wa masu ita. Duk abin da za a faɗa ya hau kan Prius v mai dogon baya da Lexus CT200h, domin inji ɗaya suke ɗauke da shi.

A fara da lissafi, don shi ne yake nuna girman haɗarin. Injin yana cin lita 4.2 na mai idan an canza da filta. Tsakanin ɗigon sama da ɗigon ƙasa na sandar awon mai akwai kimanin lita 1.5. A 2016 kamfanin Toyota ya fitar wa dillalansa na Amurka takardun umarni guda biyu, T-SB-0168-16 na gwaji da T-SB-0169-16 na gyara, kan motocin 2010 zuwa 2014. Ma'aunin da aka saba amfani da shi wajen cewa inji na shan mai fiye da ƙima shi ne kwat ɗaya a mil 1,200, wato ɗan ƙasa da lita ɗaya a kilomita 1,900. Motar da ke sha haka, in an cika ta yau, wajen kilomita 3,000 mai ya sauka kusan ɗigon ƙasa. In aka bar ta zuwa kilomita 8,000 ba a ƙara ba, a lissafi ta shanye kusan duk abin da aka zuba mata. Ga shi kuma motar ba ta da na'urar da ke gaya wa direba cewa mai ya ragu. Fitilar da ke kamawa ta ƙarfin bugun mai ce, kuma ba ta kamawa sai famfo ya fara zuƙo iska. A lokacin nan metal, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ya riga ya fara gogewa.

Akwai wani layi a littafin motar da dillalai ke son fakewa da shi, inda aka ce shan mai har lita ɗaya a kilomita 1,000 yana iya faruwa. Wannan iyaka ce ta kare kamfani. Lafiyayyen injin Prius yakan kai juye na gaba mai bai sauka rabin tazarar ɗigon biyu ba.

Me ke kawo shan?

Kowane fistin yana da ringi uku. Biyu na sama suna riƙe matsin wuta, na ƙasa kuma aikinsa kankare mai daga bangon silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu ƙananan ramuka da ke jikin fistin. Don a rage gogayya a samu tattalin fetur, an yi waɗannan ringin da laushi, ba sa matse bango da ƙarfi. Muddin suna da tsabta, suna aikinsu lafiya. Amma da zarar tsohon mai ya dahu ya zama baƙin dasashi, wato daskararren datti, a cikin kwarmin ringin ƙasa, sai ringin ya maƙale, ramukan su toshe, man da ya kamata ya koma ƙasa ya hau sama ya ƙone tare da fetur. Ƙonewar kuma tana ƙara dasashin, dasashin yana ƙara shan.

Yanayin aikin haibirid yana taimaka wa wannan. Injin yana mutuwa ya tashi sau da yawa a tafiya ɗaya, kuma a cunkoson cikin gari sau tari ba ya daɗewa a zafin da zai kore fetur da raɓar da suka sauka cikin mai. Sai kuma tazarar juye. A Amurka an ba masu motar damar yin mil 10,000, kusan kilomita 16,000, kafin su canza mai in suna amfani da mai marar kauri mai lamba 0W-20 na roba, wato sintetik. Motar da ta yi shekara goma a kan wannan tsari kafin a sa ta a jirgin ruwa, ta iso da dasashinta a ciki. Mai saye a Kano ko Kaduna gadon matsalar yake yi, ba shi ya haife ta ba. Ƙurar hunturu da zafin bazara ƙari ne kawai.

Toyota ya sauya fasalin fistin da ringi a cikin shekarar 2014, don haka motocin 2015 sun fito da gyararrun kaya, na 2014 kuma wasu sun samu wasu ba su samu ba. Garantin da ya rufe gyaran shekara 5 ne ko mil 60,000, saboda haka babu wata Prius ta wannan zubin da ke cikinsa yau. Haka labarin yake ga Camry haibirid ta 2007 zuwa 2011 mai inji 2AZ-FXE, wadda shan manta ya sa kamfanin ya tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Shi ma wa'adinsa ya cika.

Kafin a ɗora wa ringi laifi, a tabbatar ba yoyo ba ne. Ƙasan injin a rufe yake da faifan roba, mai zai iya taruwa a kai ba tare da ya taɓa ƙasa ba. A cire faifan a duba murfin sarƙar taimin, wanda yakan yi gumi a wannan inji, da murfin filta, da noti na juye, da gefen murfin saman inji. Filtar ta takarda ce da ake sakawa cikin murfi mai zare, kuma tana zuwa da sabon zoben roba. In aka mayar da tsohon, ko aka sa sabon a kwarmin da ba nasa ba, zai yi yoyo. Sai bawul ɗin PCV, ɗan ƙaramin abu mai araha da ke ƙarƙashin manifol na shigar iska, wanda ke fitar da tururin cikin inji. In ya maƙale yakan tura mai cikin manifol. Lambarsa 12204-37010. Canza shi bai cika warkar da shan mai mai yawa ba, amma rashin hankali ne a sauke inji ba a fara da shi ba.

Awon kansa yana da ƙa'ida. A yi juye, a cika daidai ɗigon sama, kada a wuce. A rubuta lambar tafiya, a tuna cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Duk awon da za a yi, a yi shi a wuri mai daidaito, inji da ɗumi, bayan an kashe motar da fiye da minti biyar. A zaro sandar, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Bayan kilomita 1,000 a ƙara mai da kwalba mai ma'auni har ya koma ɗigon sama. Abin da aka ƙara shi ne abin da ta sha. A maimaita sau biyu ko uku, da tafiyar cikin gari da ta babbar hanya, domin gudu mai tsawo, irin na Kano zuwa Abuja, ya fi jawo sha.

Wani gargaɗi da ya kamata kowane mai juye ya haddace: shirun Prius ba ya nufin a kashe take. Matuƙar kalmar READY na kunne a allo, injin zai iya tashi da kansa a kowane lokaci don cajin batir. In ya tashi alhali an kwance noti mai ya tsiyaye, an gama da shi. A kashe ta, a nisanta makullin daga motar, sannan a shiga ƙarƙashi.

Shan mai ba ya tsayawa shi kaɗai, kuma a nan ne wannan inji ya fi ba da haushi. Yana da tsarin EGR, wanda ke ɗebo wani kaso na hayaƙin salansa, ya sanyaya shi a cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai siraran hanyoyi, ya mayar da shi cikin inji don rage zafin wuta. Hayaƙin injin da ke ƙona mai cike yake da kunkunniya. Ita ke toshe akwatin sanyayawar, da bawul ɗin, da bututun, da ƙananan ramuka huɗu da ke cikin manifol, kowane silinda da nasa. Ramukan ba sa toshewa lokaci ɗaya, sai wani silinda ya samu hayaƙi da yawa wani ya rasa, wanda ya rasa ya yi zafi fiye da 'yan'uwansa. Masu gyaran wannan mota da yawa suna danganta yawan ƙonewar gasket na kan inji da wannan toshewa. Alamar farko ita ce girgiza da ƙara mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu idan aka tayar da ita da safe, kamar inji zai fito daga mazauninsa, sannan ta lafa. Sai ruwan sanyaya ya riƙa raguwa ba a ga inda yake bi ba, na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0300 ko P0301, wani lokaci da P0401 na ƙarancin gudun EGR. Can baya kuma tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, ita ke cinye hayaƙin man har ba a ganinsa a salansa. Ranar da ta gaji sai P0420 ta fito. Fasa ta a zubar da cikinta, kamar yadda wasu ke yi, ba ya rage ko cokali ɗaya na man da ake sha.

Don haka wankin EGR ba zaɓi ba ne ga Prius da ta haura kilomita 150,000 kuma ba a san tarihinta ba. A cire akwatin, da bawul, da bututu, da manifol gaba ɗaya. A jiƙa akwatin a ruwan wanki mai narka maiƙo, a wanke da ruwa mai ƙarfi, a maimaita har haske ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan. Bawul ɗin yana da ɓangaren lantarki, kada a tsoma shi a ruwa, a goge shi da feshin wanke burki. Ramukan manifol a bi su ɗaya bayan ɗaya da siririn buroshi. Wanda ya fesa magani ta bakin iska ya ce ya wanke EGR, kuɗi kawai ya karɓa. Ruwan sanyayar da ya zube a mayar da irinsa, ruwan hoda na Toyota, ba ruwan rijiya ba.

Yanzu ga magungunan.

Wanda aka fi gaggawar ba da shawara a garejinmu shi ne mai mai kauri, 20W-50. Ba mu goyi bayansa ba. Gaskiya ne yana iya rage saurin sha kaɗan, amma bai taɓa ringin da ya maƙale ba, kuma injin da ke tashi sau da yawa a rana yana buƙatar man da zai isa sama nan take. Tsarin VVT-i mai juya lokacin buɗe bawul ma da ƙarfin mai yake aiki, ta siraran hanyoyi. Abin da kamfani ya rubuta wa motocin Amurka 0W-20 ne. Ga tsohon inji a ƙasa mai zafi, 5W-30 na roba matsakaici ne mai ma'ana, kuma nan ya kamata a tsaya. Abin da ya fi lambar mai muhimmanci shi ne a samu na gaske a rufaffiyar jarka, a kuma sauko da tazarar juye zuwa kilomita 5,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Noti na juye ana ɗaure shi a Nm 37 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) da sabon washa, murfin filta a Nm 25. Murfin nan na roba ne, masu ɗaure shi da dukan ƙarfinsu su ke sa a fasa shi a juye na gaba.

Magungunan kwalba masu kauri kamar zuma da ake cewa suna hana hayaƙi, a bar su a kanta. Kaurara mai kawai suke yi.

Akwai man da aka yi musamman don narkar da dasashin fistin a hankali, irin Valvoline Restore & Protect da ya fito a 2024, wanda kamfaninsa ke cewa ana ganin cikakken aikinsa bayan juye huɗu a jere. Hanya ce mai sauƙi marar haɗari, ta dace da injin da shansa bai yi nisa ba. Mai gaggawa ba zai ji daɗinta ba.

Sai jiƙa fistin, wanda ya fi kowanne jawo gardama. Ba hanyar Toyota ba ce, dabarar masu gyara ce, kuma sakamakonta ya danganta da ko ringin maƙalewa ya yi ko cinyewa. Ana cire waifa da faifan da ke ƙarƙashinta, domin a wannan mota ba a kai wa ga fulogi sai an cire su. A cire koyil huɗu, a kwance fulogi da soket mai lamba 14. A juya inji da hannu har fistin huɗun su tsaya a tsakiya daidai da juna. A zuba kimanin mililita 60 zuwa 90 na ruwan narkar da dasashi, irin Berryman B-12, a kowane rami, a rufe da tsumma mai tsabta, a bar shi ya kwana. Washegari a ɗan motsa inji gaba da baya da hannu, a ƙara, a sake bari. Ruwan yana tsiyaya ta gefen ringi zuwa cikin mai, don haka wannan man ya lalace, ba za a tayar da inji da shi ba. Wuri mafi haɗari shi ne ƙarshe: dole a zuƙe duk ragowar ruwan daga silinda, a juya inji da hannu zagaye da yawa fulogi a cire. Prius ba ta da kik irin na sauran motoci, ɗaya daga cikin injinan lantarkinta ne ke juya injin fetur da ƙarfin gaske, kuma in ya tarar da ruwa a silinda zai lanƙwasa sandar fistin. Bayan nan a ɗiga ɗan mai a kowane rami, a mayar da fulogi a Nm 20, a zuba mai mai araha da sabuwar filta, a bar ta ta yi zafi, za ta yi hayaƙi sosai na ɗan lokaci, a sake juye da mai na kirki. Ruwan yana cin fenti da roba, kuma yana kama wuta. Idan an dace, shan yakan ragu ƙwarai. Idan bangon silinda ya riga ya karce, an yi aikin banza. Shi ya sa ya fi kyau a fara leƙa silinda da 'yar kyamarar waya ta ramin fulogi kafin a sayi komai.

Gwangwanin tare mai da ake ɗaurawa tsakanin PCV da manifol yana da amfani, amma a san iyakarsa. Yana hana tururin mai taruwa a manifol, ba ya gyara ringi. A riƙa zubar da abin da ya tara a kowane juye.

Gyara na gaskiya shi ne wanda takardar Toyota ta tsara: sabbin fistin da sabbin ringi na gyararren fasali, duka biyun. Sa sabon ringi a tsohon fistin tattalin da ba ya biya ne, tun da an riga an sauke inji an biya kuɗin aiki. A wannan zama ɗaya a sa sabon gasket, a auna kan injin a ga bai lanƙwashe ba, a canza robobin bawul, a wanke EGR. Notocin kan inji ana ɗaure su da sufana mai awo sannan a ƙara juyi na kusurwa bisa tsarin littafin gyara, ba da ƙiyasin hannu ba. Kuma wanda zai yi aikin ya san haibirid: wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar batir mai bolt 201.6, wadda na'ura ke ɗagawa har 650. Ana zare filogin tsaro na batir da safar hannu ta lantarki, a jira minti goma, kafin a taɓa komai a wajen.

Sayen injin Beljiyam a kasuwar kayan gyara, ko Ƙofar Ruwa ko Ladipo, yakan fi sauri, wani lokaci ya fi sauƙi. Sai dai in injin na 2010 ko 2011 ne, mai yiwuwa an sayo irin cutar da aka gudo. A nemi na 2015, kuma kafin a ɗora shi a leƙa silindarsa, a wanke EGR ɗinsa tun yana ƙasa, lokacin da hannu ke kai wa ko'ina.

Ba kowace mota ce ke buƙatar wannan babban aiki ba. Wadda ke shan lita ɗaya a kilomita 4,000 ko 5,000, ba ta girgiza, ruwanta ba ya raguwa, za ta iya shekaru a haka in ana duba sanda duk sati ana ƙarawa. Kuɗin litar mai ɗaya bai kama ƙafar abin da take ragewa a fetur ba. Wadda ta kai lita ɗaya a kilomita 1,500 ko ƙasa, ita ce ke cinye fulogi da indomi da EGR a jere, kuma jinkirta gyaranta ƙarin kashe kuɗi ne.

Ga mai shirin saye, kada ya dogara da shekarar da dillali ya faɗa. Harafi na goma a lambar shasi shi ke nuna ta: A 2010 ce, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015. A je da sassafe, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, sannan a tayar a saurari daƙiƙun farko. Dillalin da ya riga ya ɗumama ta kafin ka iso, ka ce za ka dawo gobe. A duba matakin ruwan sanyaya, a buɗe murfin zuba mai a haska ciki da tocila, a sa na'urar bincike a ga ko an goge lambobin matsala kwanan nan. Don injin ya ci gaba da aiki ba tare da ya mutu ba yayin dubawa, akwai yanayin gwaji: a danna maɓallin kunnawa sau biyu ba tare da taka burki ba, a taka totur har ƙasa sau biyu a P, a taka burki a sa N a taka totur sau biyu, a koma P a taka sau biyu, sannan a taka burki a kunna. Duk a cikin minti ɗaya. Ba a tuƙa ta a wannan yanayi, domin na'urar hana santsin taya a kashe take. Kashe motar ke fitar da ita. In mai motar ya yarda a zare fulogi ko da ɗaya ne, wanda bakinsa ya tara farar toka mai kauri ko ya jiƙe da mai ya isa dalilin rage farashi da kuɗin fistin da ringi.